Makullin Famfon Gidan Baba Danladi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da mijinki Sani, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na masauki, Ya sa ƙafarki ta shiga garin Minna da alheri, Ya sa albarka a aikin ungozomar da ya kai ki. Innarki tana gaishe ki. Ta ce daddawa da kuka suna cikin baƙar leda a ƙasan buhun shinkafa, kada ki bugo waya ki ce ba ta sa ba.

Na san za ki yi mamakin tsintar takarda a bakin buhu, alhali mun zauna a zaure mun yi sallama, ga kuma waya a aljihun kowa. To, akwai maganar da in na dubi idonki ba za ta fito ba, a waya kuwa kame-kame zan yi ta yi har kati ya ƙare. Sunan mahaifiyata gare ki, ko kiran sunan ban taɓa iyawa ba, balle in zauna a gabanki in tona wa kaina asiri.

A cikin ambulan ɗin za ki ji wani ɗan abu mai tauri a naɗe cikin tsumma. Makulli ne. Kada ki yi murna, ba na akwatin gado ba ne. Makullin kwaɗon famfo ne na wani gida a garin da kika sauka. Ya fi shekara talatin a hannuna, kuma ba nawa ba ne. Ina so ki mayar mini da shi, tare da wata magana da na kasa faɗa a lokacinta. Ina tsoron in kin gama karantawa ba za ki ƙara ganina yadda kike ganina ba, amma na gaji da ɗaukar abin. Sai dai ki bari in fara gabatar miki da gidan da mutanensa, don a ciki na yi yawancin wautar da nake so ki kauce wa.

Ina saurayi, tun kafin in auri Innarki, kawuna ya tura ni Minna in riƙa karɓar masa albasa da tumatir in mota ta kawo daga nan garinmu Kura. Na yi shekara biyu da 'yan watanni. Na tafi da jaka ɗaya, rabinta tufafi rabinta girman kai, don a ganina wanda ya sha shiga Kano babu garin da zai ba shi mamaki.

Ranar farko aka raka ni neman ɗaki, aka kai ni wurin mai gidan, wani dattijo mai gyaran keke da ake kira Baba Danladi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Samari, wace sana'a kake yi?"

Na ce, "Ni ɗan gwari ne, Baba."

Uwata, sai mutumin nan ya ajiye sifana, ya miƙe ya rungume ni, ya kwararo mini wani yare da ban taɓa ji ba. Ya ƙwala wa mutanen gida kira su zo su ga ɗan'uwa. Da ƙyar wanda ya rako ni ya fahimtar da shi cewa a wajenmu kayan gwari shi ne tumatir da albasa da danginsu, mai sayar da su kuma ɗan gwari.

Baba Danladi ya yi dariya har da hawaye. Da ya nutsu ya ce, "Yaro, ai mu ne Gwarin, kodayake mu Gbagyi muke kiran kanmu. Wato a garinku sunanmu aka sa wa tumatir?"

Don tsabar ruɗewa na ce, "Har da tattasai, Baba."

Daga ranar sunana ya ɓace a gidan, kowa Ɗan Gwari yake kirana. Na yi sa'a na faɗa hannun mai raha. Ke ki kula da bakinki. Akwai kalmomin da muke jefawa a gida ba tare da mun san akwai masu su ba. In wata ta karya Hausa, kada ki ce ta yi gwaranci, kada ma ki yi murmushi don ta ce miki "ka zo". Wadda kike yi wa dariya ƙila yare huɗu take ji, ke kuma daga Hausa sai Turancin makaranta. Ki tambayi mutane yadda suke kiran kansu, ki kira su haka. Ki koyi sannu da Gbagyi da Nufanci da Yarabanci, don macen da ke kan gwiwa in ta ji sannu da harshen uwarta jikinta yakan saki.

Gidan ɗaki bakwai ne a jere, tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Irinsa za ku shiga, ko da na yanzu ya fi fenti. Za ki ji tarin maƙwabcinki ta bango, shi ma zai ji naki. Za ki ji ƙamshin miyar da ba ki san sunanta ba. Ranar Lahadi waƙar coci za ta shigo ta taga, kamar yadda kiran sallarmu ke shiga tasu da asuba, kuma ban taɓa jin wani ya yi ƙorafi ba.

A gidan ana yin shara bi da bi, kowane ɗaki da ranarsa. Ni da na tashi a inda namiji ba ya taɓa tsintsiyar tsakar gida, sai na yi kamar ban ji ba. Ba wanda ya ce mini uffan. Na dai fito da safe na tarar an jingine tsintsiya a ƙofata. Na kawar da ita. Washegari ga ta ta dawo, da abin kwashe shara a gefenta. A rana ta uku na share gidan nan har bakin titi. Wannan ki karanta wa Sani da ƙarfi, ki ce ni na ce, don na san aikinki zai riƙa fitar da ke da sassafe, ranar shara kuwa ba ta san da haka ba.

Wauta ta gaba ta fi wannan tsada. Kin san a nan daga gida zuwa bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwan noman rani sai mutum ya gaisa da mutum ashirin, a tambayi gida, a tambayi ruwa, a tambayi yabanya. Haka na shiga Minna ina gaida duk wanda na gamu da shi a titi. Wani ya amsa, wani ya dube ni kamar zan roƙe shi wani abu. Sai na yi fushi da garin gaba ɗaya. Na ce mutanen nan ba su da mutunci, na daina gaida kowa, har da na cikin gida. In na fita da asuba sai rumfar albasa, can cikin 'yan Kura da 'yan Bunkure, mu ci tare, mu yi hirar gida, mu zagi sakwara. Ɗakina wurin ajiye haƙarƙari ne kawai.

Da damina ta kankama zazzaɓi ya kwantar da ni. Abokaina na kasuwa suka ɗauka na bi motar kaya na tafi gida, babu wanda ya leƙo. Wadda ta gane ita ce yayar Baba Danladi, wata tsohuwa mai suna Gwaggo Ladi, wadda na yi wata biyu ina wuce ta ba gaisuwa. Ta lura takalmina ya kwana biyu a ƙofa bai motsa ba. Ta turo ƙofar da rana tsaka, ta taɓa goshina, ta ce, "Kai, Ɗan Gwari, mutuwa za ka yi mana a ɗaki ba sallama?"

Ita ta aika aka kira mai magani. Ita ta dama mini kunu kwana shida, tana tsaye a kaina sai na shanye. Kirista ce, ba ta fashin coci, amma in rana ta karkata sai ta ɗumama ruwa ta zuba a buta ta ce, "Tashi ka yi sallarka, kada uwarka ta ce mun lalata mata yaro." Tsufa ya fara taɓa ta, takan manta tukunya a wuta, takan nemi ɗankwalinta yana kanta, mu yi ta dariya har da ita. Na so ta ƙwarai, Uwata. Tun da na bar gida ban sami wanda ya kula da ni haka ba.

Saboda haka kada ki ɓata ranki don mutumin titi bai amsa gaisuwarki ba, sauri yake yi, kuma bai san gidanku ba. Amma waɗanda kuka haɗa bango da su, ki gaishe su safe da yamma, ko sun amsa ko ba su amsa ba. Ki nemi 'yan garinmu, ban hana ki ba, za su ɗebe miki kewa. Sai dai ranar da jiki ya ƙi, wanda ke ganin takalminki a ƙofa shi zai fara sani. In an aiko muku da albasa daga gida, ki zuba a kwano ki bi ɗaki-ɗaki. In kuma kin je sayen kayan miya aka nuna miki tumatir huɗu a kashi, ki danne zuciyarki, kada ki ce wa mai kayan a garinku awaki ake zuba wa irinsa. Na san bakinki, irin na Innarki ne.

Yanzu na zo kan ruwa, kuma a nan hannuna ya fara nauyi.

Ke kin tashi kanal yana wucewa ta bayan gida. Ba ki taɓa auna ruwan wanki ba. A can famfo yakan kawo ruwa ne ranar da ya ga dama, wani lokaci awa biyu, wani lokaci a yi kwana huɗu ko ɗigo babu, sai a koma wa 'yan garuwa. Za ki koyi tara ruwa a duk abin da ke da baki, ki koyi yin wanka da rabin bokiti, ruwan ɗauraya kuma ki kai shi banɗaki. Wannan duk mai sauƙi ne, mako biyu ya ishe ki.

Abin da ya kayar da ni shi ne ɗabi'ar gona. Kin san yadda muke yi ranar da za a sako mana ruwa. Tun da sassafe mutum zai je ya buɗe bakin fangali, wato komin shuka, ya share wa ruwa hanya, ya tafi wani aikin. In ruwan ya iso zai shiga da kansa, a hankali, mai gonar ya dawo ya tarar ƙasa ta sha, ya toshe da laka. Hannuna ya saba da haka tun ina ɗan shekara goma.

Wata Talata, bayan kwana uku babu ruwa, na fito bayan sallar asuba na murɗa famfo. Iska kawai ya hura. Sai na ce bari in bar shi a buɗe, in tura tsohon bahon da kowa ke amfani da shi a ƙarƙashi, in ruwa ya zo ya taru kafin in dawo. A raina har ina ganin na yi wa gida dabara. Na tafi kasuwa, motar albasa ta iso, na manta da zancen.

Ruwan ya zo da hantsi, lokacin da kowa ya fita nema, Gwaggo Ladi kuma ta tafi gaida mara lafiya. Ruwan famfo ba ya tafiya a hankali irin na fangali, kuma siminti ba ya sha. Baho ya cika, tsakar gida ta cika, makwarara ta toshe da shara, ruwa ya nemi gangare. Ɗakin da ke gangaren kuwa na Maman Titi ne, wata Bayarabiya da mijinta ya rasu, tana sayar da garin alabo na tuƙa tuwo tana ciyar da 'ya'ya uku. Buhunanta a ƙasa suke. Da na dawo bayan la'asar na tarar an fito da su tsakar gida sun zama ƙullu, katifa a kan katanga tana ɗiga, littattafan yaranta a shanye. Tana zaune a kan turmi, ta rufe fuska da zane tana kuka.

Baba Danladi ya tara mu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wa ya bar famfo a buɗe?"

Wallahi maganar ta zo har bakina. Sai na tuna yadda aka yi mini dariya ranar farko, na tuna ana iya cewa in kwashe kayana, na tuna yadda nake cika baki a gidan cewa mu ne masu ruwa, mu muka san shi. Na ce bari in ɗan jira. A cikin wannan ɗan jiran wani ya ce ai ya ga Gwaggo a bakin famfo da safe. Kowa ya juya ya dube ta.

Ta ce, "Ban tuna ba. Amma in kun ce ni ce, to ni ce. Kan nan ya tsufa." Ta taka a hankali ta durƙusa a gaban Maman Titi, cikin jiƙaƙƙen gari, ta ce, "Ki yafe mini, 'yata."

Ina tsaye, Uwata. Tsakanina da ita bai fi taku uku ba.

Washegari Baba Danladi ya sa aka yi wa famfon akwatin ƙarfe, ya sayo kwaɗo mai makulli biyu. Ya riƙe ɗaya, ya miƙo mini ɗaya a gaban kowa, ya ce, "Ɗan Gwari, kai a cikin ruwa ka tashi, ka san darajarsa. Riƙe wannan." Na sa hannu biyu na karɓa.

Daga nan, duk ranar da aka kawo ruwa Baba ba ya gida, sai in ji ana ƙwanƙwasa ƙofata a hankali. Gwaggo Ladi ce da bokitinta. "Ɗana, in ba damuwa, a buɗe mini." A gidan ƙaninta ke nan, gidan da ta girme wa kowa a ciki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta daina yarda da kanta. Ta daina ɗora tukunya in babu kowa kusa. In an ba ta ajiya sai ta ce, "Kada ku ba ni, zan yi muku irin ta famfo." Dariyar ɗankwali ma ta ƙare, don ita ta daina yi.

Na koma ɗebo mata ruwa kullum, ina cika mata randa, ina kai wa Maman Titi albasa da tumatir ba ta tambaya ba. Suna ta sa mini albarka, suna cewa yaron kirki. Na ɗauka hidima za ta tsaya a madadin magana. Ba ta tsaya ba. Kowace safiya sai in ce yau zan faɗa, kuma kowace rana faɗar tana ƙara nauyi a kan ta jiya. Haka na yi wata bakwai, har mahaifina ya aiko in dawo in karɓi gona. Ranar tafiya Gwaggo ta ƙulla mini soyayyar gyaɗa a leda, ta raka ni bakin titi, ta ce Allah Ya ba ni mace tagari. Sai da muka wuce Zariya na sa hannu a aljihu na ji makullin.

Kin san matsayina a nan. In rigimar ruwa ta tashi a layin gonakinmu ni ake kira. Kin sha ji ina cewa wanda ya ɓalle ruwa ya shiga gonar wani ya fito da bakinsa kafin rana ta faɗi. Kin tuna kina 'yar shekara tara, da kika bar ƙofar awaki a buɗe suka cinye renon albasar maƙwabcinmu, na kama hannunki na kai ki har zaurensa kika faɗa da kanki? Kin yi kuka, kin yi kwana biyu ba kya kula ni. A ranar na yi alfahari da ke, na kuma ji kunyar kaina, don kin yi abin da ubanki ya kasa yana da gemu.

Ga abin da na gane, shi ne kuma dalilin takardar nan. A gona ba a iya ɓoye laifin ruwa, sawunsa yana nan a ƙasa, kowa zai bi shi har bakin fangalin mai shi. Gaskiyar da muke taƙama da ita a nan, rabinta don babu wurin ɓuya ne. A gari kuwa babu wanda ya san ki, babu wanda ya san gidanku, in kika yi shiru maganar za ta wuce, ta sauka a kan wanda ya fi kowa rauni. Aikinki na rai ne. Wata rana za ki yi kuskure, kowa yana yi. A ranar za a sami wata mai shara ko wata sabuwar ma'aikaciya da zargi zai fi saurin kamawa. Ki buɗe baki tun a tambayar farko, kafin a juya a dubi wani. Ɗan jiran nan da na yi bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba.

Sai makon jiya na gaya wa Innarki, da na ga da gaske Minna za ki. Sai ta tashi ta yago gefen tsohon zanenta ta miƙo mini, ta ce, "Naɗe shi a nan, kada ya huda takardar."

To ga roƙona. Ranar da ba ki da aiki, ki sa Sani ya raka ki bayan tashar jirgin ƙasa, ku tambayi gidan Baba Danladi mai gyaran keke. A da akwai bishiyar mangwaro a ƙofar, ban sani ba ko tana nan. Ba na sa ran za ku same shi ko Gwaggo a raye. Amma tana da 'ya mai suna Asabe da ta yi aure a unguwar, kuma a irin wannan gari ba a rasa tsohon da zai ce ya san su. Ki tafi da ƙaramin buhun albasar da na ɗaure wa baki da jan zare. Ki gaishe su yadda ya kamata, ki ba su makullin, sannan ki ce: "Babana ne Ɗan Gwari. Ya ce in gaya muku shi ya bar famfo a buɗe, ba Gwaggo Ladi ba. Kanta lafiya lau yake a ranar."

Kada ki gyara maganar, kada ki ce ƙuruciya ce, kada ki ce ya manta ne. In an san inda 'ya'yan Maman Titi suke, su ma a gaya musu. In sun yi faɗa, ki kira ni ki miƙa musu wayar, nawa ne, ba naki ba. In kuwa kin tarar babu kowa, gidan ya zama shaguna, ki gaya mini haka nan, kada ki rarrashe ni.

Na ɗora miki kaya tun ba ki gama kwance naki ba, ki yi haƙuri da tsohonki. Cikin 'ya'yana ke na zaɓa don na ga kin taɓa yin irinsa. In kin gama karantawa ki kira ni, ko ba ki da abin cewa. In na ji kin ce "Baba" yadda kika saba, ya ishe ni.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya tsare hannunki a kan matan mutane da jariransu, Ya zaunar da ku lafiya ke da Sani, Ya haɗa ku da maƙwabta irin waɗanda Ya haɗa ni da su, Ya sa ki fi ni riƙe su. Allah Ya yi miki albarka, Ya dawo mana da ke lafiya.

Ni ne babanki,
wanda a wani gida a Minna ake kira Ɗan Gwari.

Kafin ki fita aiki kowace safiya, ko da ruwa ko babu, ki koma ki murɗa famfon nan da hannunki, ki tabbata a rufe yake.